Darasi: Kirsimeti a Bariki, Sa'ad da Ɗanmu Yake Horon Soja

Karatu: Luka 2:1-20, 1 Samuila 17:12-30, Luka 3:14

Manufa: Mu gane hakkin da ke kan iyaye da ikkilisiya game da matasanmu waɗanda bukukuwa suka same su a wurin horon soja, da kuma gidajen da suka bari.

Gabatarwa

 A ƙauyukanmu Kirsimeti lokacin komawa gida ne. An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, masu aiki a Jos da Kaduna da Abuja da Legas suna ta neman mota. Zumuntar Mata tana gwajin waƙoƙi, yara suna jiran sabon ɗinki. Amma akwai gidajen da za a raba shinkafa ranar 25 ga Disamba a tarar kwano ɗaya ba mai shi, domin ɗan gidan ko 'yar gidan tana wurin horon soja. Sau da yawa wannan ne karo na fari da yaron ya yi biki ba tare da iyayensa ba. Yadda muka riƙe shi a wannan lokaci zai iya sa ya daure ya gama, ko kuwa ya karaya ya gudu.

1. Inda 'ya'yanmu suke

Sanannen wurin horar da kuratan sojan ƙasa na Nijeriya shi ne Defo da ke Zariya, wanda aka kafa a 1924. Horon yakan ɗauki kamar wata 6. Yawancin waɗanda ake ɗauka matasa ne 'yan shekara 18 zuwa 22, marasa aure, maza da mata, daga jihohi 36 da Abuja. Wanda ya yi wata 6 a wuri ɗaya kuwa dole wani biki ya wuce shi. In ba Kirsimeti da Sabuwar Shekara ba, to Ista, ko bikin godiya ta kaka, ko auren ɗan'uwa.

Iyaye sukan tambaya, me zai hana a sake su ko na kwana uku? Dalili shi ne, aikin Defo mai da farar hula ya zama soja, kuma an ƙidaya kwanakin horon tun daga ranar farko. Kurtu yakan tashi tun kafin gari ya waye, ya yi gudu, ya yi fareti, ya koyi sarrafa bindiga da karanta taswira, ya koyi yin biyayya ba gardama. Ba shi da 'yancin fita ko riƙe waya yadda ya saba a gida. Ana kuma koya masa cewa aikin tsaro ba ya tsayawa saboda biki. Idan muna sujadar Kirsimeti cikin kwanciyar rai, akwai sojan da yake tsaye a bakin hanya domin mu. Abokinsa Musulmi ma haka Sallah takan same shi a bariki.

Ku tuna kuma Disamba lokacin hunturu ne, sanyin Zariya kuwa ba wasa ba ne. Gajiya da sanyi da kewar gida in suka haɗu a kan yaro ɗan shekara 19, zuciyarsa takan yi rauni.

Wannan ba a kanmu aka fara ba. Barikin da Defo yake ciki ana kiransa Chindit, sunan wata runduna ce da sojojin Nijeriya suka yi yaƙi a cikinta a ƙasar Bama a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Waɗansu daga cikin kakanninmu sun bar gida a 1943, ba su dawo ba sai 1946. Kiristocin cikinsu sun yi Kirsimeti uku a ƙetaren teku.

2. Kirsimeti na fari ma ba a gida aka yi shi ba

Bari mu duba Luka sura 2. Yusufu da Maryamu mazaunan Nazarat ne. Umarnin Kaisar Augustas na ƙidayar jama'a ne ya tashe su zuwa Baitalami, tafiyar fiye da kilomita 100, ga Maryamu da tsohon ciki. Hukuma ce ta sa musu ranar tafiya, kamar yadda hukuma take sa wa kurtu. A can haihuwa ta zo, masauki bai samu ba, aka kwantar da jaririn a komin dabbobi. Waɗanda suka fara jin albishir kuwa makiyaya ne da suke tsaron garkensu da dare a fili, wato masu gadi ne a bakin aiki. Bayan haka, bisa ga Matta sura 2, iyalin suka gudu zuwa Masar saboda Hirudus.

Saboda haka kurtun da ya yi Kirsimeti a bariki bai rasa ainihin abin ba. Shinkafa da nama da ziyara abubuwa ne masu kyau, amma abin da muke tunawa shi ne Allah ya zo ya zauna tare da mu, kuma ba ƙofar barikin da za ta hana shi shiga. A rundunar soja akwai limaman Kirista, na Furotesta da na Katolika, akwai majami'u a cikin bariki. Ɗanmu yana da inda zai yi sujada, yana kuma da 'yan'uwa masu bi daga kabilun da bai taɓa jin harshensu ba.

3. Abin da Yesse ya yi

A 1 Samuila 17, 'ya'yan Yesse uku suna sansanin sarki Saul, suna fuskantar Filistiyawa. Yesse ya tsufa, kuma yana bukatar hannu a gida. Duk da haka bai aika a ce su dawo ba. Ya aiki Dawuda da gasasshen hatsi da gurasa 10 domin 'yan'uwansa, da cuku 10 domin shugabansu, ya ce ya dubo lafiyarsu ya kawo masa labari. Abu uku ke nan: ya tuna da su, ya girmama waɗanda suke bisansu, ya nemi labari ta bakin wanda ya amince da shi.

Ku lura kuma da yadda Eliyab, babban wan, ya karɓi Dawuda da faɗa. Mutumin da yake cikin matsi yakan yi magana da zafi. Idan ɗanku ya sami damar kira, kuka ji muryarsa a gajarce, ko ya dawo gida bai cika surutu kamar dā ba, kada ku ce soja ya ɓata shi. Ku ba shi lokaci.

4. Abin da ya kamata mu yi

Ga iyaye. Ku yi bikin sallama kafin ya tafi, ko da kaza ɗaya ce, ku sa masa albarka. Ku gaya masa a fili cewa kun san ba zai zo Kirsimeti ba, kuma kun yarda. Wannan magana tana sauke masa kaya mai nauyi. Idan ya kira, lokacin kaɗan ne, kada ya ƙare a kan kuka da rigimar gona da bashin taki. Ku ba shi labarin da zai ƙarfafa shi: buhu nawa aka samu, wa ya haihu, wace waƙa aka koya. Kada uwa ta ce masa, in wahala ta yi yawa ka gudo. Gudu daga aikin soja laifi ne a dokar ƙasa, kuma yaron da ya gudo yakan dawo da kunyar da za ta daɗe tana binsa. Idan an yi rasuwa ko wani babban abu a gida, a bi ta hannun hukumar Defo ko limamin bariki, su suka san yadda za su sanar da shi.

Ku yi hankali da 'yan damfara. A lokacin biki sukan kira iyaye su ce ɗanku ba shi da lafiya, ko za a kore shi in ba a aiko kuɗi yau ba. Rundunar soja ta sha sanar da cewa ɗaukar kurata kyauta ne. Kada ku sayar da akuya ko hatsi saboda muryar da ba ku sani ba. Ku fara zuwa wurin Fasto ko wani tsohon soja a gari, a bincika tukuna.

Ga ikkilisiya. Magatakarda ya rubuta sunayen dukan membobin da suke horo ko suke bakin aiki, soja da 'yan sanda da sauransu, a karanta su cikin addu'a ranar Kirsimeti da daren shiga Sabuwar Shekara. Matasa su duba gidan da yaron ya bari. In shi ne mai ƙarfin gidan, a yi gayya a kwaso amfanin gona, a gyara rufin ɗaki, a kawo itace. Zumuntar Mata ta ziyarci uwar, musamman in gwauruwa ce, kada ta ci abincin biki ita kaɗai. Ƙungiyoyin adashi da muke kafawa tare da ku za su iya ware ɗan abu domin kuɗin motar iyaye zuwa faretin yaye kurata, gama ranar nan babba ce ga yaron. In ya dawo hutu, a ba shi dama ya yi godiya a gaban jama'a. Kada a tare shi da roƙon kuɗi tun daga tasha, albashin sabon soja ba shi da yawa.

Ga matashi mai shirin tafiya. Ka haddace ayoyi tun kana gida, domin akwai ranakun da gajiya ba za ta bar ka ka buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Ka nemi majami'a tun Lahadin farko. Ranar Kirsimeti ka duba wanda ya fi ka kaɗaici, wataƙila maraya ne da ba mai kiransa, ka zauna da shi. Ka yi wa abokinka Musulmi barka da Sallah in tasa ta zo. Ka kuma riƙe abin da Yohanna Mai Baftisma ya koya wa sojoji a Luka 3:14. Bai ce su bar aikin ba. Ya hana su ƙwace da ƙage, ya ce albashinsu ya ishe su. Halin da za ka nuna wa talaka ranar da aka ba ka bindiga, tun a Defo ake fara gina shi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Matasa nawa ne daga ikkilisiyarmu suke horo ko aikin tsaro a yanzu? Mun san sunayensu duka?
2. Wane gida ne a cikinmu zai yi bikin bana ba tare da mai ƙarfinsa ba, kuma wa zai je wurinsu?
3. Me za mu koya daga Yesse game da neman labarin 'ya'yanmu?
4. Idan aka kira wata uwa a daren nan ana neman kuɗi da sunan ɗanta, wurin wa za ta fara zuwa?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai da ka aiko Ɗanka aka haife shi a baƙunci, ka tuna da 'ya'yanmu da suke bariki. Ka ba su ƙarfin jiki da haƙuri, ka tsare su daga mugun hali, ka ba shugabanninsu hikima da tausayi. Ka ta'azantar da iyayen da suke kewa, ka buɗe idanunmu mu ga bukatarsu. Ka ba ƙasarmu salama. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.