DUKANCI: KAYAN AIKI DA MATAKAN FARKO GA MAI KOYO

Gabatarwa

Dukanci sana'a ce ta sarrafa jemammiyar fata a mayar da ita abin amfani, kamar takalma da jaka da kube da gafaka da alabe. Daɗaɗɗiyar sana'a ce a ƙasar Hausa. Baturen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ambaci yawan takalman da ake ɗinkawa a birnin ana kai su ƙasashe masu nisa. Haka kuma fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara zuwa Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko. Manufar wannan darasi ita ce ɗalibi ya san sunayen kayan aikin, ya kuma iya ɗinka ƙaramin abu da hannunsa, domin kalmar da mutum ya yi aiki da ita ba ta saurin ɓace masa.

Baduku da Majemi

Ɗalibai kan haɗa waɗannan biyu, alhali aikinsu daban ne. Majemi shi ne mai jima, wato mai cire gashin ɗanyar fata, ya jiƙa ta a ruwan bagaruwa, ya shafa mata mai har ta yi laushi. Baduku kuwa daga hannun majemi yake sayen fata ya ɗinka. A lura da ginin kalmomin: baduku (tilo), dukawa (jam'i), dukanci (sana'a), sai jima, majemi, majema. Ɗanyar fatar saniya kilago ce, idan an jeme ta sai ta zama ƙirgi.

Kayan Aiki

1. Wuƙa: da ita ake yanka fata da kankare bakinta. Dole ta kasance da kaifi, don dakusasshiyar wuƙa jan fata take yi, ta karkatar da yanka.
2. Almakashi: na yanka fata maras kauri.
3. Tsiko: ƙarfe mai tsini na huda fata.
4. Basilla: babbar allurar ɗinki.
5. Zare mai ƙarfi da kakin zuma na goga masa.
6. Katako: a kansa ake yanka da huda, don kada bakin wuƙa ya lalace.
7. Rini: karan dafi na ja, gangamau na rawaya, kuloko na baƙi.

Matakan Aiki

Ya kamata mai koyo ya fara da fatar akuya ko ta tunkiya, saboda ƙirgi yana da tauri. Abu mafi sauƙi shi ne 'yar jakar kuɗi mai baki ɗaya.

Da farko a zana siffar jakar a kwali, a yanke, a ɗora a kan cikin fatar, wato ɓangaren da ba shi da santsi, a zagaye da biro. Sai a yanka a kan katako, yatsu nesa da hanyar wuƙa. A auna sau biyu kafin yanka, domin fatar da aka yanke ba ta komawa.

Na biyu, a kankare bakin da za a haɗa don ya rage kauri, a shafa gam kaɗan, a manne. A ja layi kusa da baki, sannan a huda da tsiko, tsakanin huda da huda kamar milimita 4. A nan kyan aiki yake. Idan tsiko ya karkata, gaban ɗinkin zai yi kyau amma bayansa ya yi gicciye. Idan kuma hudar ta matsu da baki, fata za ta yage.

Na uku shi ne ɗinki. A yanko zare mai tsawon wurin ɗinki sau huɗu, a goga masa kaki, a sa allura a kowane ƙarshe. A zura a huda ta farko har zaren ya rabu biyu daidai. Daga nan kowace huda allurai biyu ne za su bi ta cikinta, ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu, a ja su tare. Amfanin wannan ɗinki shi ne, ko zare ɗaya ya tsinke ɗayan yana riƙe, saɓanin na keke da kan warware. A ƙarshe a koma baya huda biyu ko uku, a yanke.

Game da ado, fatar da aka jeme da bagaruwa idan an ɗan jiƙa ta tana karɓar zane. A gwada rini a kan guntun fata tukuna, domin kuloko idan ya ɗiga ba ya fita.

Kammalawa

Mun ga bambancin jima da dukanci, da kayan aiki, da matakan ɗinki. Abin da ya rage shi ne ɗalibi ya je unguwar Hausawa mafi kusa, ya gaida baduku da ladabi, ya ce, "Sannu da aiki, Baba," ya tambayi sunan kowane ƙarfe a karin harshensa, ya rubuta. Hausawa sun ce, gani ya kori ji.