Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke da hurumin matsar da mitar gas a Birtaniya?

Wani mai sauraronmu da ke sana'ar haɗa na'urorin ɗumama gida a Birmingham ya tambaya: maigida yana so a ɗauke masa mitar gas daga kicin zuwa bangon waje, ko ya halatta ya yi masa?

To malam, sai ka duba ɓangaren da za a taɓa. Bututun da ya taso daga titi har zuwa makashin gaggawa da ke gab da mita na kamfanin rarraba gas ne, wato Cadent a yankinku. Su ko 'yan kwangilar da aka amince da su kaɗai ke matsar da shi. Ita mitar ma ba ta maigida ba ce, don haka sai an tuntuɓi kamfanin da ke sayar masa da gas.

Naka aikin yana farawa daga bayan mita zuwa cikin gida. Dokar kiyaye haɗarin gas ta 1998 ta wajabta wa masu aikin gas yin rajista, wadda tun 2009 take hannun hukumar Gas Safe bayan ta bar hannun CORGI. Amma rajistar kaɗai ba ta isa ba: taɓa mitar kanta na bukatar shaidar ƙwarewa ta MET1. Duba bayan katin rajistarka ka ga ko kana da ita.

Kada a kafa mita inda za ta tare hanyar tsira idan gobara ta tashi, kuma wannan ba abin sassauci ba ne ko da maigida ya matsa. Bayan haɗawa, a gwada ko gas na yoyo, a mayar da wayar kariya ta lantarki kusa da mafitar mita. In an ji warin gas, a kira 0800 111 999 nan take.