Rikiɗa a Adabin Baka da kuma a Fim

Tun kafin majigi ya shigo ƙasar Hausa, Bahaushe ya san tsoron rikiɗa. A tatsuniya, dodo yakan ari gaɓoɓin mutane ya zama kyakkyawan saurayi, ya auri budurwa mai ruwan ido, sai an yi nisa cikin daji ya riƙa mayar wa kowa abinsa. Haka kuma akwai labaran mutanen da ake cewa suna zama kura da dare. Abin da ke razana mai sauraro a nan shi ne jikin da ya sani ya tashi daga yadda ya san shi.

Mai tatsuniya da baki yake aiki, amma ɗan dabo ido yake yaudara. A manyan kasuwanni irin ta Illela, wadda ke maƙwabtaka da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, ɗan dabo kan tara jama'a ya nuna kamar ya yanke harshensa, jini na zuba, can kuma a gan shi lafiya lau. Wannan fasaha ta shammatar ido ita ce tushen aikin masu kwalliyar finafinan ban tsoro, kafin kwamfuta ta karɓe mafi yawansa.

Misali mafi dacewa da nazari shi ne fim ɗin An American Werewolf in London na 1981, inda saurayi yake rikiɗa ya zama kyarkeci a cikin ɗaki mai cikakken haske. Rick Baker ne ya yi aikin. Ya ƙera kawuna da hannaye na roba, ya sa musu na'urori a ciki masu tura fatar, har a ga baki yana tsawo. Gashi kuwa jan sa aka yi ta cikin robar, sannan aka juya hoton baya, sai ya zama kamar tsirowa yake yi. Wannan aiki ya ba shi kyautar Oscar ta kwalliya. A fim ɗin The Fly na David Cronenberg, 1986, Chris Walas ya bi wata hanya: rikiɗar tana tafiya sannu a hankali kamar ciwo, farce ya fita, haƙori ya faɗi. Ita ce ta fi taɓa zuciya, domin duk wanda ya taɓa jinya ya san irin wannan fargaba.

Ɗalibin da ya kira irin waɗannan finafinai shirme ko tsafi ya rufe wa kansa ƙofar nazari. Tambayoyin da suka kamace shi su ne: da me aka yi abin, kuma wane tsoro aka sosa?

Aiki: Kwatanta rikiɗar dodo a wata tatsuniyar yankinku da rikiɗar aljani a wani fim ɗin Hausa da ka kalla.