Babi Na Tara: Zaɓen Wayar Salula Domin Nazari Da Koyarwa

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan dabarun tattara bayanai daga bakin jama'a, wato hira da ɗaukar murya da kuma mayar da abin da aka ɗauka zuwa rubutu. A da, mai wannan aiki yakan fita da rakoda da kasakasai da batura da kyamara da littafin rubutu, kowanne da jakarsa. A yau waya ɗaya ta haɗiye waɗannan kayayyaki gaba ɗaya, har ta ƙara da ƙamus da ɗakin karatu. Wannan ne ya sa zaɓen waya ya shiga cikin shirin aiki na ɗalibin da ake horarwa domin koyarwa, musamman idan aka lura cewa ɗalibai da yawa sau ɗaya suke iya sayen waya a tsawon shekara uku na karatunsu, kuma sau tari da kuɗin da iyaye ko 'yan'uwa suka harhaɗa. Wanda ya yi kuskuren zaɓe, to da kuskurensa zai zauna har ya kammala. Saboda haka a wannan babi za a duba abubuwan da ya kamata a auna yayin da wayoyi biyu ko uku suke takara a gaban mai saye.

9.1 Wayoyin Da Ke Takara A Kasuwa

A watan Janairu na 2001 ne Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kuma a watan Agusta na wannan shekara kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Wayoyin wancan lokaci, irin su Nokia 3310, ba su wuce kira da gajeren saƙo ba, don haka cajinsu yakan yi kwanaki. Al'amarin ya sauya a 2007 da kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPhone, sannan a 2008 wayar farko mai tsarin Android ta shiga kasuwa. Tun daga nan wayoyin zamani suka kasu gida biyu. Gida na farko shi ne na iOS, wanda wayoyin Apple kaɗai suke amfani da shi. Gida na biyu kuwa shi ne na Android, wanda kamfanoni masu yawa suka yi tarayya a cikinsa, kamar Samsung na Koriya ta Kudu da Xiaomi da Oppo na ƙasar Sin.

Akwai wani abu da masu saye da dama ba su lura da shi ba. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda suka cika shaguna a kasuwar Farm Centre ta Kano, duk na kamfani ɗaya ne, wato Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, wanda ya fi kowane kamfani sayar da waya a Afirka. Wato ke nan mai musu a kan Tecno da Infinix, musu yake yi a kan 'ya'yan ɗaki ɗaya. Bambancinsu yana ga kayan da aka zuba a cikin kowace waya, ba ga sunan da aka rubuta a bayanta ba.

9.2 Batir Da Zafi

Ga mai amfani da waya daga asuba har dare, batir shi ne abin dubawa na farko, domin duk ƙwarewar waya, idan ta mutu da azahar a ƙauyen da babu wutar lantarki, ba ta da maraba da dutse. Ana auna girman batir da ma'aunin mAh, kuma 5000 ne adadin da aka fi samu a matsakaitan wayoyin Android. Sai dai wannan lamba ba ita kaɗai ce hukunci ba. Girman fuskar waya da haskenta da kuma irin injin da ke cikinta su ne suke tantance saurin shan caji, shi ya sa iPhone mai ƙaramin batir takan yi kafaɗa da kafaɗa da wata Android mai babban batir. Haka kuma raunin sabis yana cin caji, saboda wayar tana ƙara ƙarfi ne wajen neman turken sadarwa.

Batir yana tsufa. Kamfanin Apple ya bayyana cewa an ƙera batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta domin ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 500, wato kimanin shekara ɗaya da rabi ga wanda yake cike wayarsa ya ƙarar da ita kullum. Kamfanin ya kuma ƙayyade cewa a yi amfani da wayar a yanayin da zafinsa bai haura digiri 35 ba, alhali a watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri yakan haura digiri 40. Ke nan batir a ƙasar Hausa ya fi saurin gajiya, kuma barin waya a rana, ko ɗaukar bidiyo tana kan caji, ƙarin gishiri ne a kan ciwo. Don haka tambayar da ta dace a yi wa mai shago ba ta tsaya a girman batir ba: shin ana samun batirin wannan waya na asali a garin nan, kuma nawa ne kuɗin sauya shi?

9.3 Haruffa Masu Lanƙwasa

Wannan shi ne ma'aunin da ya keɓanta ga malamin Hausa, kuma babu mai talla da zai ambace shi. Daidaitacciyar Hausa tana da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sannan akwai 'y, wadda a Jamhuriyar Nijar ake rubutawa ƴ. Rashinsu yana sauya ma'ana ɗungurungum. Fada daban, faɗa daban. Kafa daban, ƙafa daban. Haka nan kare da ƙare, da daka da ɗaka, da bari da ɓari. Malamin da ya tura wa ɗalibansa jinga ta waya ya rubuta "sarki yana fada" a inda yake nufin "sarki yana faɗa", ya koyar da kuskure da hannunsa, kuma ba shi da bakin rage wa ɗalibi maki idan ya maimaita masa shi a jarrabawa.

A yau wannan matsala tana da magani a gidajen biyu. Allon rubutu na Gboard, wanda ake samu a wayoyin Android, yana da tsarin Hausa, kuma tun daga iOS 17 na shekarar 2023 Apple ya sanya allon Hausa a cikin nasa tsarin. Duk da haka, samun allo abu ɗaya ne, fitowar harafin yadda ya kamata kuma wani abu ne daban. A wasu wayoyi, musamman idan an sauya salon rubutun fuska zuwa na ado, harafi mai lanƙwasa yakan fito a karkace ko ya fi sauran girma, wani lokaci ma ya zama ɗan akwati. Gwajin ba shi da wuya, kuma a cikin shago ya kamata a yi shi kafin a biya kuɗi: a ɗora allon Hausa, a rubuta jimla irin "Ɗan ƙauye ya ɓata a Ƙofar Mata", a duba manyan haruffan da ƙananan, sannan a tura ta zuwa wata wayar a ga yadda ta isa. Ya kamata kuma a kashe mai gyaran rubutu na Ingilishi, domin yakan mayar da kalmomin Hausa zuwa abin da marubucin bai taɓa nufi ba.

9.4 Ƙwaƙwalwa Da Ma'adana

Waya tana da wuraren ajiya iri biyu, kuma ana yawan rikita su. Na farko shi ne ƙwaƙwalwar aiki, wadda 'yan kasuwa suke kira ram, inda manhajojin da aka buɗe suke zama na ɗan lokaci. Idan ta yi kaɗan, ɗalibi zai bar rakoda ya leƙa ƙamus, kafin ya dawo wayar ta rufe rakodar ba tare da sanarwa ba. Ga mai aiki da yawa, gigabait 4 shi ne mafi ƙaranci, 6 ko 8 sun fi kwanciyar hankali. A nan akwai wata dabarar talla da ya kamata a gane. Idan aka ga an rubuta "8+8" a jikin kwali, to takwas ɗin farko ne kaɗai na gaskiya. Na biyun aro ne daga ma'adana, kuma bai kai na asali sauri ba.

Na biyu shi ne ma'adana, inda hotuna da muryoyi da littattafai suke zama. Murya mai inganci da ba a matse ta ba tana cin kimanin megabait 5 a minti ɗaya, wato kusan 300 a awa, bidiyo mai kyau kuwa yana iya cin gigabait 3 zuwa 4 ko fiye a awa. Wanda zai ɗauki bikin kalankuwa ko zaman tatsuniya na dare uku, ma'adana mai gigabait 64 za ta cika masa tun ba a je ko'ina ba, tun da tsarin wayar kansa ya riga ya cinye wani kaso. iPhone ba ta karɓar katin memori, haka ma manyan wayoyin Samsung daga Galaxy S21 na 2021, amma ƙanana da matsakaitan wayoyin Android da yawa suna karɓa. Amfanin katin ya wuce ƙarin wuri. Idan waya ta faɗa ruwa ko ta ƙi tashi, ana iya zare katin a ceci hirar da aka yi da tsohon da wataƙila ba za a sake samunsa a raye ba.

Game da kyamara, bayani kaɗan ya isa. Yawan megafiksil ba shi ne kyan hoto ba, domin wayar da aka rubuta mata 50 galibi hoto mai 12.5 take fitarwa. Abin da malami yake buƙata shi ne kyamarar da za ta ɗauki shafin littafi ko rubutun ajami a cikin ɗaki mai ƙarancin haske, a iya karanta shi.

9.5 Sabuwa Ko Tsohuwa

Kowace waya tana da wa'adin da kamfaninta yake daina sabunta mata tsari. Google ya yi alkawarin shekara bakwai ga Pixel 8 a 2023, Samsung ma ya yi haka ga Galaxy S24 a 2024, yayin da wayoyi masu araha da yawa ba sa samun rabin haka. Illar tana bayyana ne a hankali: a 2025 manhajar WhatsApp ta daina aiki a kan iPhone 5s da iPhone 6, ko da kuwa wayar ba ta da ko ƙwarzane.

Alal misali, a ɗauka kuɗin ɗalibi zai iya saya masa ɗaya daga cikin waya biyu. Ta farko tsohuwar iPhone 11 ce, wadda ta fito a 2019, mai gigabait 64, kuma lafiyar batirinta ta sauka ƙasa da kashi 80. Ta biyu sabuwar Android ce matsakaiciya, mai batir 5000 da gigabait 128 da gurbin layi biyu da takardar garanti. Ta farkon ta fi ɗaukar bidiyo mai kyau, ta kuma fi ɗaukar ido a cikin abokai. Amma ga wanda za a tura aikin gwajin koyarwa a ƙauye, inda wannan layi yake kamawa wancan ba ya kamawa, kuma sai an biya mai janareto kafin a yi caji, ta biyun ce ta dace da shi ba tare da wata tantama ba. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Wanda kuwa ya nace sai tsohuwa, to akwai abubuwan da ba a sakaci da su. Ya danna *#06# ya ga lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15, ya gwada ta da wadda ke jikin kwali ko rasit, domin wayar sata ta jefa masu saye da yawa a hannun 'yan sanda. Ya tabbatar mai ita na farko ya cire asusunsa a gabansa, saboda iPhone da aka kulle da asusun wani ba ta buɗuwa. Ya kuma sani cewa iPhone 14 da na bayanta da aka ƙera domin kasuwar Amurka ba su da gurbin saka layi kwata-kwata, sai layin da ake ɗorawa ta manhaja.

9.6 Jinga

1. Kawo kalmomi biyar masu haruffa masu lanƙwasa, ban da waɗanda aka ambata a wannan babi, waɗanda ma'anarsu take sauyawa idan aka cire lanƙwasar, sannan a sanya kowacce a cikin jimla.

2. Bambanta tsakanin ƙwaƙwalwar aiki da ma'adana, tare da bayyana yadda ƙarancin kowacce zai iya ɓata aikin mai tattara adabin baka.

3. A ziyarci shagon sayar da waya mafi kusa, a zaɓi wayoyi biyu masu kusan farashi ɗaya, a rubuta insha'in kwatantawa na shafi biyu a kansu, a kuma nuna wadda ta fi dacewa da malamin makarantar firamare a karkara.