Filin Manoma: Sawun Baƙi Shi Ke Tsara Gari

Mai lambu ba ya jan hanyar ruwa sai ya duba inda ƙasa ta gangara. In ya yi garaje ya ja ta kan tudu, ruwa ba zai kai fangali ba, wahalarsa ta tafi a banza. To, haka sha'anin baƙi ya ke. Garin da ke son cin amfanin masu zuwa yawon buɗe ido, ko fatauci, ko neman magani, lalle ne ya fara sanin ta ina su ke shigowa, ina su ke tsayawa, kwana nawa su ke yi, kuma a wane lokaci na shekara. Sa'an nan ne za a san inda ya dace a kafa rumfa, da inda za a haƙa rijiya, da inda za a bari don noma.

Darasin Zango

Wannan ilmi tsoho ne a ƙasar Gwandu. Jega ta kafu a bakin Gulbin Zamfara a farkon ƙarni na 19, ta kuwa zama babbar kasuwa domin ayarin fataken goro masu zuwa Gwanja suna bi ta nan. Mutanen dā ba su ajiye zango inda su ka ga dama ba. Sai sun nemi wuri kusa da ruwa, mai kiwon jakuna, wanda kuma dabbobi ba za su faɗa gonakin jama'a ba. Yau mota ta maye gurbin jaki, amma ka'idar tana nan.

Baƙi Iri Uku

Jega da Aliero da Maiyama maƙwabtan juna ne, amma baƙinsu sun bambanta.

Na farko mai wucewa. Maiyama tana kan babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta bi Yawuri da Koko zuwa Jega. Matafiyi a nan 'yan mintoci ya ke tsayawa. Bukatarsa fili ne inda mota za ta kauce daga titi, da ruwan alwala, da bayan gida mai tsabta, da kaya a ƙulle cikin ƙananan ƙunshi yadda zai saya ba jinkiri. Mai gina ɗakunan kwana da yawa domin irin wannan baƙo zai yi ta jiran wanda ba ya zuwa.

Na biyu mai yini ko kwana ɗaya. Jega mararraba ce, nan hanyar Sakkwato da ta Birnin Kebbi da ta kudu su ka haɗu. Baƙonta ɗan kasuwa ne mai son wurin lodi, da ɗakin ajiyar kaya, da abinci, da masauki. Cunkosonta a ranar kasuwa ya ke, saboda haka da yawan mutanen ranar kasuwa za a auna faɗin tasha da hanyar shiga da ta fita.

Na uku mai daɗewa. Aliero ta yi suna da albasa da kuma masu ɗori. Karaya kan ɗauki mako shida ko fiye kafin ta kama, kuma kowane majinyaci da mai jinyarsa. Ga fataken albasa da ke zama har motarsu ta cika. Ga kuma ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a garin a 2006, waɗanda ke yin watanni. Irin waɗannan baƙi ɗakin haya su ke nema, da ruwa, da itace, da cefanen kullum. Mai kiwon kaji da mai lambun alayyafo da tumatir su ke samun ciniki marar yankewa daga gare su.

Lokacin Zuwansu

Baƙi da lokacinsu kamar amfanin gona. Da rani, sa'ad da a ke cire albasa, motoci su kan yi yawa. A wannan tsakani ne kuma, wajen Fabrairu ko Maris, a kan yi bikin kamun kifi na Argungu, wanda asalinsa ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ce a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Masu zuwa biki daga kudu ta hanyar Yawuri sai sun ratsa Maiyama da Jega. Ciniki ne mai kyau, amma na 'yan kwanaki. A tuna kuma bikin ya yi wajen shekara 10 ba a yi shi ba kafin a farfaɗo da shi a 2020. Wanda ya ci bashi ya yi gini domin baƙin biki kaɗai, da me zai biya a irin waɗannan shekaru? Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Domin baƙin 'yan kwanaki rumfar zana ta isa. Ginin bulo sai inda baƙi ba su yankewa.

Yadda Za A Ƙidaya

Wannan aiki bai fi ƙarfin magatakarda ɗaya da littafi ba. Ya zauna tasha ranar kasuwa, ya kuma zauna wata ranar da ba ta kasuwa ba. Ya yi haka da rani, ya sake da damina. Ya rubuta abu biyar: yawan motocin da su ka tsaya, inda su ka fito, tsawon zamansu, abin da baƙi su ka saya, da abin da su ka nema ba su samu ba. Na biyar ɗin ya fi kowanne amfani ga manomi, domin shi ke nuna abin da zai shuka ko ya kiwata baɗi.

Daga wannan ƙidaya a ke fitar da lissafi. A misali, in baƙi 200 ke kwana a gari, kowanne kuma na bukatar lita 20 na ruwa a yini, an sami lita 4,000, watau duro 20 mai cin lita 200. In rijiyar unguwa ba ta iya ba da wannan ƙari a watan Afrilu, matan gari ne za su sha wuya.

Abin Da Za A Kiyaye

Kada a kafa rumfa a gefen kwalta. A ja baya, a bar wa mota wurin tsayawa, domin birkin babbar mota ba ya sallama.

Kada a yi tasha ko masauki a fadama. Fadama ita ke ba da shinkafa da albasar da ta jawo fataken tun farko. A nemi fako ko tudun da ba ya noma.

Kada a toshe burtali ko mashaya. Makiyayi ma mai wucewa ne, in aka rufe masa hanya shanu za su bi ta gona, rigima ta tashi.

Masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma ya kasance ta gangare.

Manomin da gonarsa ke bakin hanya ya yi tunani kafin ya sayar. Kuɗin fili kan ƙare cikin shekara ɗaya ko biyu, amma wanda ya ba da hayar gefe guda a rubuce, da shaidar mai unguwa, yana karɓar haya kuma gonarsa tana hannun 'ya'yansa.

Ya kamata hakimai da dagatai da ma'aikatan ƙananan hukumomin nan uku su zauna tare da ƙungiyoyin manoma da na direbobi, domin baƙon da ya sha ruwa a Maiyama shi ne zai kwana a Jega, gobe ya yi lodin albasa a Aliero. A fara ƙidayar tun kafin albasar bana ta fito, a ajiye littafin wurin mai gari, kada a yanka wa kowa fili sai an duba shi.