Darasin Kasuwa: Auna Allon Karatu Na Lantarki Da Kuɗinsa

Ya ku 'yan kasuwa da dillalai, darasinmu na wannan mako a kan allon karatu na lantarki ne, wato na'urar nan da ake zuba littattafai a cikinta, irin su Kindle da Kobo. Wanda ya sari wannan haja bai san fuskarta ba, to, uwar kuɗinsa ya jefa a rijiya.

Ku sani fa, fuskar ita ce kayan. Ana auna kyanta da yawan ɗigon da ke cikin kowane inci. Ƙaramar Kindle ta 2019 ɗigo 167 gare ta, amma wadda ta fito a 2022 ɗigo 300. Daga nesa kamar tagwaye suke, sai an buɗe littafi bambanci ya bayyana. A mai 167 ƙananan baƙaƙe sukan yi dishi-dishi, balle rubutun Larabci mai wasali. Saboda haka kada dillali ya sallama kuɗin mai 300 a kan mai 167.

Ga farashin sababbi a Amurka a shekarar 2024, ban da kuɗin dako da kwastan:

Ƙaramar Kindle, inci 6, wajen dala 110.
Kobo Clara BW, inci 6, wajen dala 130.
Kobo Clara Colour, inci 6, mai launi, wajen dala 150.
Kindle Paperwhite, inci 7, wajen dala 160.
Kindle Colorsoft, inci 7, mai launi, wajen dala 280.

To, duk biyar ɗin nan baƙin rubutunsu ɗigo 300 ne. Ashe ƙarin kuɗin ba kyan rubutu yake saye ba. Dala 50 da ke tsakanin ƙaramar Kindle da Paperwhite, faɗin fuska take saye, da fitila mai rage kaifin haske da dare, da jure ruwa. Launi kuwa sai a yi hattara. Hoton launi ɗigo 150 kawai yake fitowa, kuma fuskar ta fi duhu, sai an ƙara fitila, batir ya riƙa saurin sauka. Mai karatun rubutu zalla ba shi da riba a nan.

In na hannu aka kawo muku, ku kunna a inuwa, ku juya shafi goma. In kun ga zane ko tabon da ba ya gogewa, gilashin ciki ya fashe ke nan, sai ku ce albarka, domin gyaransa ya kusa kuɗin wata. Ku kuma tabbata mai ita ya cire rajistar sunansa daga ciki.

Shawararmu, ku fi sarin mai baƙi da fari, ɗigo 300. Mai launi kuwa sai wanda ya yi oda ya ba da kafin alƙalami. Allah ya ba da kasuwa.