Darasin Turanci: Kalmar "Thank" da Danginta

A Orozo, kan hanyar Nyanya zuwa Karshi, Gbagyi da baƙi masu harsuna dabam dabam suna sujada tare, don haka da Turanci akan rubuta katin gayyata na godiyar kaka. Kalma ɗaya takan yi wa masu rubutun tarko, wato "thank".

Ita aikatau ce, kuma ba ta tsayawa ita kaɗai. Dole a ambaci wanda ake gode wa, sa'an nan "for" ta kawo dalili: "We thank God for the harvest", mun gode wa Allah domin amfanin gona. In aka liƙa mata "s", fuska biyu gare ta. Ko dai ta zama suna, "thanks", godiya ke nan, kamar a "many thanks", ko kuwa ta zauna aikatau ta mutum ɗaya da ake ba da labarinsa: "She thanks God." Saboda haka wanda ya tsira daga hatsari ya ce "Thanks God" ya yi kuskure, ko da yake zuciyarsa daidai take. "Thank God" ake cewa. Mai duba jarrabawar WAEC ba zai ɗaga wa yaro ƙafa a kan wannan ba, gara iyaye su gyara masa tun a gida.

Siffarta ita ce "thankful", da "l" guda a ƙarshe. Tana da ƙawa, "grateful", wadda ta fito daga Latin. Ba ruwanta da "great", kada a rubuta "greatful". Bambancinsu siriri ne. An fi zama "grateful" ga wanda ya yi alheri, an fi zama "thankful" sa'ad da abin tsoro ya wuce lafiya, kamar haihuwa ko doguwar tafiya.

"Thanksgiving" kuwa haɗi ne na godiya da bayarwa. A Amurka sunan ranar hutu ne, wadda Shugaba Lincoln ya shelanta wa ƙasar duka a 1863. Yanzu ana yin ta ranar Alhamis ta huɗu ta Nuwamba.

Asalin kalmar ya fi duka daɗin sani. A tsohon Turanci "thank" da "think", wato tunani, saiwarsu ɗaya ce. Ma'anarta ta fari tunani ce, daga baya ta koma tuna mutum da alheri, kafin ta zama faɗin godiyar da baki.